Matakala Arba'in da Biyu

Mahaifinmu mai shimfiɗa tayil ne. Shekara talatin da takwas ya yi yana rarrafe a ɗakunan mutane, cokalin gini a hannun dama, gudumar roba a hagu, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa, yaro da babba sai dai ka ji ana cewa Mai Tayil. Mu biyu ya haifa, ni da Yaya. Ni ce auta, kuma kowa ya shaida ni na gado bakinsa. Yaya kuwa ban san inda ya samo halinsa ba, na son tsara wa mutane rayuwarsu ba tare da sun roƙe shi ba.

Tun muna yara Baba yake ba mu kunya a gidajen mutane. In ya shiga waje, ba fuskar mai gida yake fara kallo ba, ƙasa yake kallo. Kafin a gama gaisawa ya durƙusa ya ƙwanƙwasa tayil da zoben hannunsa, ya kara kunne. In ƙarar ta fito a cike, ya gyaɗa kai. In ta fito kamar an buga gwangwanin da babu komai a ciki, sai ya miƙe ya karkaɗe wando ya ce, "Wannan ba zai shekara ba. Wa ya yi muku wannan ɓarnar?" Ya taɓa yi a cikin banki har mai gadi ya biyo shi. Ko a jikinsa.

Gidansa a hawa na uku yake, a wani tsohon bene da babu lif, na'urar nan mai hawa da mutane sama, kuma ba za a taɓa sa masa ba. Daga ƙofar titi zuwa tasa ƙofar matakala arba'in da biyu ce, sha huɗu sau uku. Daɓen ɗakunan da hannunsa ya yi, da ragowar tayil ɗin da masu gidaje kan bar masa in an gama aiki. Shi ya sa a falon ba ka samun guda goma masu launi ɗaya. Ga shuɗi, ga ruwan ƙasa, ga wani mai zanen ganye da ya ce daga banɗakin wani lauya ya fito. Amma ka zuba ruwa a tsakiyar falon, inda ka zuba shi nan zai tsaya. A nan Mama ta raine mu, a nan ta rasu shekara shida da suka wuce, a nan kuma Baba ya ci gaba da zamansa shi kaɗai bayan na yi aure na koma bayan tashar bas.

Ya daɗe yana ɓoye mana ciwon gwiwar. Muna dai jin ƙas-ƙas in zai tashi, in an yi magana ya ce kujerar ce. Asirinsa ya tonu ne wata Laraba da yamma, da na taso daga makarantar da nake koyarwa na biya in duba shi. Na same shi zaune a kan matakala tsakanin hawa na ɗaya da na biyu, ledar burodi da madara a gefensa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Iska nake sha."

Wurin ko taga babu, sai warin danshi da na takalman maƙwabta. Na ce, "Tun yaushe kake shan iskar?"

"Ke 'yar sanda ce?"

Daga baya mai shagon ƙasa ya gaya min awa biyu ke nan da ya sayar masa da burodin.

Da ƙyar muka kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar ya cinye, na hagu ya fi lalacewa. Ya ce abin da ya cinye ba ya dawowa, amma ana iya rage ciwon a kuma ci gaba da tafiya, in aka rage ƙiba kaɗan aka dage da motsa jiki. Ya rubuta takarda ya ce a kai ɓangaren gashin ƙashi. Baba ya linke takardar ya cusa a aljihu, bai je ba. A duk dogon bayanin nan kalma biyu kawai ya tsinta, motsa jiki.

Ranar Asabar Yaya ya zo da maganarsa a shirye. Akwai ɗaki a gidansa, a ƙasa, da banɗaki a ciki. Za a sa gado, a sa talabijin, jikoki na shiga suna fita.

"Baba, ka yi wahala ta isa haka. Ka zo ka huta."

"Hutun me? Mutuwa na yi?"

"Ba haka nake nufi ba. In ka faɗi a matakalar nan fa? Wa zai sani?"

"Duk ginin zai sani. Ni ƙaramin mutum ne?"

Na sa baki na ce, "Baba, gaskiya Yaya yake faɗa." Ba zan ɓoye ba, ni ma tsoro nake ji. Tun ranar Larabar nan, duk wayar da ta shigo min sai gabana ya faɗi. Baba ya juyo ya dube ni, kallon da yake yi wa tayil ɗin da ya ji kogo a ƙarƙashinsa.

Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce. Baba ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba inda za shi, Yaya ya ce shi ma ba zai zuba ido ba. A ƙarshe Baban ne da kansa ya yanke.

"Ku ba ni wata uku. Ranar da ta cika, in na sauka har titi na hawo ba tare da hannun kowa ba, kada wanda ya sake yi min zancen ɗakin ƙasa. In na kasa, ku naɗe ni a tabarma ku kai ni inda kuka ga dama."

Yaya ya yarda nan take, don ya san abin da hoton ƙashi ya nuna.

To, a nan Baba ya tafka kuskuren da sai mai irin sana'arsa. Mutum ne da ya saba in fanfo ya cije a sa masa ƙarfi, in siminti ya daskare a bi shi da guduma. A wajensa abin da ya ƙi motsi, tilasta shi ake yi. Ya sayo takalmin gudu fari fat. Da sassafe ya fita kan kwalta yana sassarfa, tsoho mai shekara sittin da huɗu da tumbi, direbobin bas suna danna masa oda suna yi masa kirari. Ya dawo ya tsaya a falo yana tsallen kwaɗo irin na zamanin da yake makaranta. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko wani kwalin tayil da ya rage masa, ya saɓa a kafaɗa yana hawa yana sauka da shi, wai gwiwar ta san cewa da mai ita.

Kwana huɗu ya yi yana wannan ganganci. A na biyar gwiwar hagu ta kumbura ta yi suntum kamar ƙwallo, ta ƙi lanƙwasuwa, ta kuma ƙi ɗaukarsa. A bakin shagon ƙasa ya zube. Mai shago da wani direban tasi da ke hawa na ɗaya suka ɗora shi a kujerar roba suka hau da shi, suna nishi suna "a hankali, a hankali", matan ginin sun leƙo suna sannu. Na zo na tarar da shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba. Na san ba zafin gwiwar ne ya rufe masa baki ba, kujerar robar nan ce. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, na kuma ji tausayinsa har na rasa inda zan sa kaina.

A rana ta uku ya ce, "Auta, takardar likitan nan tana aljihun rigata mai ruwan toka."

Sati uku cikin wata ukun sun riga sun tafi kafin kumburin ya saɓe har ya iya sauka, ni a gefe ɗaya, direban tasi a ɗaya gefen. Mai gashin ƙashin da aka haɗa mu da ita wata 'yar siririya ce, ko ni na girme ta. Baba ya dube ta sama da ƙasa ya ce min, ba tare da ya rage murya ba, "Wannan ce za ta gyara ni? Ta gama makarantar kuwa?"

Ta yi murmushi ta ce, "Na gama, Baba. Hau gadon nan."

Ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta matsa cinyar, ta tambaye shi abin da ya yi. Da ya kawo zancen kwalin tayil sai ta ajiye biro ta dube ni, na kawar da kai. Ta fara yi masa bayani, amma hankalinsa ba ya wajenta. Ya ƙura wa wani fasasshen tayil ido a bakin ƙofar ɗakin. Ta bi idonsa da kallo.

"Sau biyu ana canza shi, yana sake fashewa," in ji ta. "An ce tayil ɗin ne ba shi da kyau."

"Ƙarya suke yi," Baba ya ce, har yana ƙoƙarin tashi zaune. "Tayil ba ya fashewa haka kawai. Kwaɓin da ke ƙarƙashinsa ne bai cika ba. Sun ɗiga siminti a kusurwa huɗu sun bar tsakiya kogo. In ƙasa ta cika, ko siririn tayil ne mota za ta hau shi. In da kogo, ko mai kauri ne yaro zai fasa shi."

"To, Baba, ka gama yi wa kanka bayani. Guringuntsinka ya zama siririn tayil, ba ni da sabo da zan sa maka. Amma naman cinyar nan shi ne kwaɓin, shi yake riƙe gwiwa, kuma naka ya zube saboda ka daɗe kana lallaɓa ƙafar. Kai kuma maimakon ka cika kogon, sai ka hau kai kana tsalle."

Ta ce, "In ka shimfiɗa sabo, kana bari a taka a ranar?"

"Wa zai taka? Sai ya kwana. Na taɓa korar mai gida daga falonsa."

"Haka za ka yi wa gwiwar. Duk abin da ka yi yau, ka bari ya kwana. In gari ya waye ta kumbura ko ciwon ya fi na jiya, ka wuce gona da iri, sai ka rage. In ta kwana lafiya, ka ƙara kaɗan."

Ta lissafa masa abin da ta hana: gudu, tsalle, tsuguno har ƙasa, durƙuso, da ɗaukar kaya a matakala. Ta kuma nuna masa abin da zai yi. Ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa ƙafa ɗaya, ya miƙe ɗayar sambal ya ɗaga ta kamar taƙi biyu daga ƙasa, ya ƙirga biyar, ya sauke a hankali. Ya zauna a kujera mai tsayi ya miƙe, ya sake zama, ba tare da ya faɗa mata tim ba. Sau biyu a sati kuma ya zo asibitin ya hau keke ya shiga ruwa.

A hanyar gida ya ce, "Wasan yara." Sai da muka wuce shataletale, sannan ya ce, "Amma yarinyar ta san aiki."

Da yake shi ne, bai yi abin yadda mutane suke yi ba. Na zo washegari na tarar ya ɗaure igiyar aikinsa daga ƙafar tebur zuwa ƙafar kabad, ya ɗora mata lebur, ƙarfen nan mai ɗigon ruwa a tsakiya da ake duba daidaito da shi, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya. Yana kwance a ƙasa yana ɗaga ƙafa har babban yatsa ya taɓa igiyar. Kullum da safe kafin ya sha shayi sai ya zagaya gwiwar da tef ɗin awo. In ta ƙaru ko da rabin yatsa ne, ranar zai rage. Da farko sau shida yake iya ɗagawa, cinyar tana karkarwa, yana zaginta kamar lebura malalaci. Na taɓa yin dariya, ya ce in fita in ba shi waje.

Keken asibitin ya fi ba shi haushi. Irin wanda aka kafe a ƙasa ne, an ɗaga masa sirdi sama don kada gwiwar ta lanƙwashe da yawa.

"Likita, minti goma ina tuƙi, har yanzu ga ni ga ki. Wane marar aikin yi ne ya ƙera keken da ba ya zuwa ko'ina?"

"Tuƙa dai, Baba. Hawa na uku za shi."

Ruwan kuwa sai da aka kai ruwa rana kafin ya shiga. Wani tafki ne na siminti a bayan ɓangaren, ruwansa iya ƙirji, da ɗan ɗumi. Ya leƙa ya ga wasu tsofaffin mata su biyar a ciki suna tafiya a jere, ya ja da baya ya ce shi ba agwagwa ba ne. Wata mai ƙatuwar murya a cikinsu, wadda suke kira Shugaba, ta ɗago ta ce, "Malam, in tsoron ruwa kake ji ka faɗa, mu riƙe ka." Ai kuwa bai san lokacin da ya shiga ba, da rigarsa da komai. Ya yi taku ɗaya, ya yi biyu, ya tsaya. Ina tsaye a bakin tafkin na ga fuskarsa ta saki.

"Auta," ya ce, "babu ciwo. Ruwan ya ɗauke min nauyi."

Ya je bango ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Rabon da in ga Baba yana tafiya ba ɗingishi har na manta. Na yi farin ciki, sai kuma hawaye ya zo min, na juya ina gyara jaka. Kafin ya fito ya riga ya shafa bangon tafkin da tafin hannu ya sanar da matan cewa wanda ya yi aikin ba ya tsoron Allah. Daga ranar suka sa masa Sufeto.

A sati na takwas ɗagawar ta kai ashirin, tef bai ƙara nuna kumburi ba, sai kai ya fara yi masa girma. Matar direban tasi ta ce tayil biyu sun ɗago a kicin ɗinta. Baba ya ɗauki cokali da guduma ya lallaɓa ya sauka, ya durƙusa ya yi rabin awa yana aiki. Da zai tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Kwana biyar ya yi yana ɗora ƙanƙara. Mai gashin ƙashi ta wanke shi tas a gabana, ba ta bar masa ko kusurwar fakewa ba.

"Baba, matakala zan iya taya ka ka ci. Durƙuso kuwa ya ƙare. Ka zaɓa, ko gidanka ko cokalin nan."

Na zaci zai yi mata tsiya. Bai yi ba. Da muka koma gida ya ciro robobin da yake ɗaurawa a gwiwa in zai yi aiki, waɗanda suka sha siminti har suka yi fari, ya juya su a hannu, ya miƙo min.

"Kai wa wani mai sauran gwiwa. Ni na gama."

Ya faɗa ne kamar yana aikena shago. Amma abin ya yi masa ciwo, ni ma ya yi min.

Sauran satuttukan a matakala suka ƙare. Ta koya masa dokarta: in za a hau, ƙafa mai lafiya ce gaba, in za a sauka, mai ciwon ce gaba. Hannu ɗaya a ƙarfen gefe, ɗaya a sanda. Ya fara da sha huɗu, ya bari ta kwana, ya ƙara. Da Yaya ya ga sandar ya ce ai wannan taimako ne, Baba ya ce, "Hannun kowa na ce. Sanda kowa ce? Tana da uwa a garin nan?"

Ni kuma a nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ban yarda zai iya ba. Yaya ya riga ya yi wa ɗakin ƙasa fenti, ya ce in fara rage kaya don kada ranar ta zo a yi ta hayaniya. Ina da makullin gidan, shi ma Yaya yana da nasa. Duk ranar da Baba ya tafi wajen ruwa, direban tasi ya kai shi, sai in shiga in ɗauki abu ɗaya ko biyu. Barguna, rigunan sanyi, tukwanen Mama da ba ya girki da su. Ina gaya wa kaina taimakonsa nake yi.

Ranar da wata uku ta cika Asabar ce, da hantsi. Ina sama tare da shi muka ji ƙarar mota a ƙasa. Na leƙa ta taga, sai ga Yaya ya fito daga motar ɗaukar kaya, da igiyoyi da kwalaye a bayanta. Ko jira bai yi a gwada ba. Baba ya matso ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ya sa rigarsa mai ruwan toka, ya ɗaure takalmi, ya ɗauki sanda.

"Ki bi bayana in kina so. Kika taɓa ni, ba ni ba ke."

Ya fara sauka. Sanda, ƙafar hagu, ƙafar dama. Sanda, hagu, dama. Ba gaggawa. Ƙofofi suka fara buɗewa, don duk ginin ya san da wa'adin. Matar direba ta fito da ludayi a hannu, mai shago ya bar shagonsa ya tsaya a gindin bene. Babu mai magana, sai ƙarar sanda. Muka haɗu da Yaya a hawa na ɗaya yana hawowa, ya manne da bango ya ba shi hanya.

Da Baba ya taka titi, kai tsaye ya nufi motar. Ya gaisa da direbanta hannu biyu, ya tambaye shi iyali, sannan ya ce, "Bawan Allah, an wahalar da kai a banza. Babu mai tashi a gidan nan."

Direban ya dubi Yaya. Yaya ya ce, "Baba, saura hawa."

"Na sani. Ni na sa dokar."

Hawan ya fi saukar wuya, kowa ya ga haka. Sha huɗun farko ya yi su lafiya. A na biyu numfashinsa ya fara fita da ƙarfi, rigar ta manne masa a baya. Da ya kai ta ashirin da takwas ya tsaya cak. Ƙafar hagu tana karkarwa har wandon yana motsi. Yaya, da yake bayansa da taku ɗaya, ya miƙo hannu.

"Kul," Baba ya ce, bai ko waiwayo ba. "So kake ka taɓa ni ka ce ka ci?"

"Wallahi Baba ba don haka ba ne. Tsoro nake ji."

"Ji abinka daga nan."

Yaya ya mayar da hannunsa. Na ga idonsa ya yi ja, a lokacin na daina jin haushinsa, don abin da ke cikinsa shi ke cikina. Baba ya jingina da ƙarfen gefe, ya miƙe ƙafar, ya lanƙwasa ta a hankali sau uku kamar yadda aka koya masa, ya yi numfashi. Minti biyu ko uku, ni dai na ji kamar shekara. Sannan ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora a ta ashirin da tara.

Ban san lokacin da na fara ƙirgawa a fili ba. Matar direba ta kama, mai shago ya kama daga ƙasa. Arba'in. Arba'in da ɗaya. Da ya ɗora ƙafa biyu a ta ƙarshe, ginin ya ɗauki tafi da sowa. Baba bai yi murmushi ba. Ya buɗe ƙofarsa, ya tsaya a bakinta ya tare, ya juyo yana haki, ya miƙa wa Yaya tafin hannu.

"Makullina."

Yaya ya sa hannu a aljihu. Ya ciro shi daga cikin makullan motarsa ya ajiye masa a hannu. Ina murmushi, har ina shirin tsokanar Yaya, sai na ga hannun ya juyo wajena.

"Ke ma, Auta."

"Ni, Baba?"

"Bargo biyu, rigar sanyi uku, tukwanen uwarki huɗu da murfinsu. Gwiwa ce ta lalace min, ba ido ba. Shi wannan a gabana ya yi nasa. Ke kuwa da safe ki ƙirga min ɗagawa, da rana ki kwashe min gida."

Kunya ta rufe ni. Na zaro makullin daga jaka na ba shi.

"Gwiwar nan ba warkewa ta yi ba, na sani," ya ce. "Wata rana matakalar nan za ta fi ƙarfina. Ranar ni zan faɗa da bakina, ba ku ba. Kayana kuma su dawo kafin yamma."

Ya shiga ya rufe ƙofa, muka ji ya murza makulli. Maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Muka rage ni da Yaya a tsaye a gaban ƙofar da muka girma a bayanta, ba mai iya kallon wani. Can Yaya ya ce, "Ko ruwa bai sha ba." Na ɗaga hannu na ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Mu ne, Baba."

"Ku wa?"

"Auta ce, da Yaya. Mun zo gaishe ka."

Sai muryarsa ta fito daga can kan daɓe, wajen da igiyar take.

"Ina aiki. Saura ɗagawa goma sha biyu. Ku jira."

Muka zauna a kan matakala muka jira.